Mazajen Arewa da Burushin Aski

Duk wanda yake son ya san halayen mazaje ba tare da ya sha wahalar tafiya da su ko rabon gado da su ba, to, ya nemi wuri a bencin mai aski a Dogondutsi ran kasuwa, sa'ad da motocin Yamai da na Birnin Konni suka sauke mutane, 'yan Matankari da Kiyeshe da Dankasari kuma suka shigo da hajarsu, ya zuba ido ga yadda kowa yake yi da ɗan burushin nan na tada kumfar sabulu.

Shi wannan abu baƙo ne a Arewa. Tun kaka da kakanni wanzami ba ya bukatar komai sai zabira da aska da dutsen washi da ruwa a ƙoƙo. Da tafin hannu yake murza kai har gashi ya yi laushi, da hannun nan kuma yake askin suna, ya yi ƙaho, ya yi wa Arawa tsagarsu daga gefen baki zuwa kunne. Turawa ne suka zo da burushi, su kuwa suna yin nasu da gashin doki, ko na alade, ko na wata dabba 'yar'uwar dage wadda akasarin gashinta daga Sin ake kawowa. A 1935 masanan kamfanin DuPont na Amurka suka ƙago zaren nailan, a 1938 aka soma yin burushin haƙori da shi, daga bisani sana'ar ta kai ga na aski. Wannan na roba shi ne ya cika tebur a yau, kuma a gabansa ne jama'a suka kasu.

Mafi cin lokacin mai tebur shi ne ma'abocin wasuwasi. Zai ɗauki burushi da yatsa biyu, ya ɗaga shi ga rana, ya sansana, sa'an nan ya ce, "Yaro, tsakaninka da Allah, wanga gashin mi na?" In an ce masa roba ce, sai ya nemi hujja. Hujjar kuwa ba ta da wuya, domin in an tsinke sili ɗaya aka ƙyasta masa ashana, gashin dabba yakan yi ƙauri irin na babbakar kan rago ya zama toka, nailan kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya taurare. To, an ƙona sili ya narke, amma zuciyar malam ba ta natsu ba, don la'alla, in ji shi, an cuɗanya na roba a gefe da na alade a tsakiya. Sai a ƙona na tsakiya, sai ya tuna da ɗaya gefen, har mai tebur ya ga jarinsa yana tafiya sili-sili ya rantse sai an biya. Abin mamaki, mas'alar da take hana shi barci malaman mazhabarsa sun daɗe da warware ta, gama a Muhtasar na Halilu an hukunta cewa gashin da aka sausaye mai tsarki ne ko da na alade ne, muddin ba tuge shi aka yi ba. Shafi'awa ne suka tsananta. Amma ƙyama daban, hukunci daban, ni ma ba zan so a goga mini wancan a leɓe ba. Na roba ya ɗauke wa kowa jidali, in ban da shi.

Kishiyarsa shi ne tsohon mushe, wanda ya karantar a lakwal har ya yi ritaya, yana da wani burushi da ya saya a Yamai tun zamanin Diori Hamani, kuma a ganinsa tun daga 1974 ba a sake ƙera wani abin kirki a duniya ba. Ya rena na roba, yana cewa kayan yara ne. Nasa kuwa ya yi sanƙo ya fi mai shi, kullum ya gama shafa kumfa sai an tsince gashin dabba daga kuncinsa kafin a kai ga nasa. In ka gaya masa cewa a Yaƙin Duniya na Farko sojojin Ingila da na Amurka da dama sun kamu da ciwon saifa irin na shanu ta hanyar burushin gashin doki da ba a tsabtace ba, sai ya gyara tabarau ya ce ai wannan sakacin Ingilishi ne, Faransa ba ta haka.

Marowaci ba ya bukatar dogon sharhi: da ragowar burushin fenti yake yi, da garin sabulun wanki, ya kuma yi ta mamakin abin da yake sa fuskarsa raɗaɗi.

Akwai kuma saurayi ɗan ci-rani, wanda ya komo daga Kwatano ko Ikko da burushi mai marfi da madubi, alhali abin da Allah ya hore masa a haɓa bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Shi yakan tafasa ruwa ya tsoma burushin ya bar shi, wai haka ya ga manya suna yi, bai san jiƙo na gashin dabba ne ba, nailan ba ya bukatar jiƙo, tafasasshen ruwa kuwa lanƙwasa shi yake yi ya sassauta ɗankon gindinsa. Sa'an nan ya ɗebo shi sharkaf ya kai fuska, ruwa ya bi gwiwar hannu ya sauka cikin riga. Da ya tambaya, da an gaya masa cewa tsomawa ɗaya ta isa, a yarfe, a juya bisa sabulu, a riƙa ƙara ruwa ɗigo-ɗigo har kumfa ta yi kauri. Amma wanda ya ga teku ba ya tambayar mutumin Dallol Mawri sha'anin ruwa.

Wanda na fi jin tsoro shi ne ma'aroci, mai sallama da sassafe yana cewa, "Maƙwabci, a ba ni ɗan abin nan, yanzu in maido." Yakan maido shi bayan sallar la'asar, ƙunshe a leda, da danshinsa da kumfar da ta bushe a gindi. Haƙƙin maƙwabtaka babba ne a shari'a, amma likitoci sun yi gargaɗi cewa tarayya a reza tana yaɗa ciwon hanta, makero kuma yana bin kayan aski daga kai zuwa kai. Saboda haka saya masa nasa ya fi aro lada, ya kuma fi arha.

A ƙarshen benci akwai dattijo mai cikakken gemu, wanda reza ba ta taɓa kusantar haɓarsa ba, kuma ba wanda ya isa ya zarge shi a kan haka. Sai dai duk gardamar da ta tashi game da laushin burushi ko kaurin kumfa, shi ne mai yanke fatawa, bisa ilmin da ba a san inda ya karanto shi ba.

Duk waɗannan, tsohon wanzami na Tibiri ko Gesheme dariya yake yi musu. In ka tambaye shi, sai ya ce, "Ranka shi daɗe, hannun da ya aske kakanka bai gaji ba." Gaskiyarsa kuwa, domin ran da wuta ta ɗauke injin aski ya yi shiru, wurinsa ake komawa. Amma a leƙa zabirarsa in ya tafi alwala: sau da yawa akwai ɗan na roba a ɓoye ƙarƙashin ƙahoni, saboda ma'aikatan da ba su yarda a taɓa musu fuska da hannu.

Kai kuwa mai karatu, in za ka saya, ɗauki na roba, ka goga bakinsa a bayan hannunka ka ji ya yi laushi, ka danna ka ga ya miƙe da kansa, ka ja silin a hankali ka tabbata ba ya zuba. In ka gama aski ka ɗauraye shi, ka yarfe, ka ajiye shi inda iska take, can nesa da idon maƙwabci.