Sabuwar Windows a Tsohon Gida

Tun da Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu shagunan buga takardu na Kalgo suka dukufa ɗora Windows 11 a kan kwamfutocin gwanjo da suka ga jiya suka ga yau. Yanzu ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi zai iya danna Word, ya hau mota zuwa Gwandu, ya ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ya dawo ya tarar 'yar da'irar nan ta kan allo na ta juyi.

Ba sammu ba ne. Tsohuwar Windows ba ta bar gidan ba. Tana jakar Windows.old tana idda ta kwana 10, ta cinye gigabait da yawa. A share ta. A buɗe Task Manager a sallami manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta ba gayyata. RAM mai giga 4 kuwa, iyakarta gaisuwa. A ƙara, a sa SSD.

Sannan, don Allah, a hure fankar kwamfutar. Ƙurar hunturun da ke ciki ta isa a shuka albasa.