Taura Biyar a Baki Ɗaya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel ya san ba a shuka abu ɗaya a gona. Gero a nan, wake a tsakaninsa, riɗi a gefe, zoɓo a kan iyaka. In damina ta yi gardama da wannan, sai ta bar maka wancan. Da wannan hikima kakanninmu suka rayu, kuma da ita na shiga wasan Toram Online, inda na gano cewa yaran yanzu ba su san darajar magabata ba.

Ɗan yayata ne ya jawo ni. Yana karatu a kwalejin ilimi ta Gumel, ni kuwa ina Maigatari ina harkar riɗi, in kaka ta ja baya in taɓa dillancin dabbobi. Ya zo hutu ya tarar ina ƙona data wajen kallon tsohon dambe, sai ya ce, "Kawu, kawo wayar nan in sa maka abin arziki." Wasan na wani kamfanin Japan ne mai suna Asobimo, ya fito a 2015. Mutane daga ko'ina suke shiga ta intanet, kowa da ɗan jaruminsa, a haɗu hurhuɗu a tafi farautar dodanni. Su uku ne suna neman na huɗu: shi daga Gumel, wani tela daga Gagarawa, da wani malamin firamare daga Sule Tankarkar. Ina shiga, ƙananan hukumomin masarautar huɗu suka cika cif. Har na ji kaina ya ɗan yi nauyi, tunda ni ne wakilin Maigatari.

A wasu wasannin tun daga ƙofa ake tambayar ka: mayaƙi ne kai, ko maharbi, ko mai tsafi? Toram ba ruwansa da wannan. Duk matakin da ka hau sai a ba ka 'yan maki ka zuba inda ka ga dama a gurabe biyar: ƙarfi, basira, juriya, zafin nama da iya saiti. Makamin da ka riƙe da inda ka tara makinka, su ne sana'arka. Tela baka yake riƙewa, ya tara nasa a saiti. Malamin firamare sanda ce a hannunsa yana jefa wuta, nasa na kan basira. Ɗan yayata kuwa wani ƙaton takobi yake ja da hannu biyu.

"Kawu, kai aikinka ɗaya ne," in ji shi. "Ka zuba komai a juriya, ka riƙe garkuwa, ka tsokani dodo ya biyo ka. Kai za ka sha dukan, mu kuma mu kashe shi."

Ka ji fa. Mutum da gemunsa, yara su ɗauke shi aikin shan duka. Na ce masa to, amma a baki kawai.

Da daddare na zauna na yi nawa lissafin. In na zuba komai a juriya, ranar da aka nemi mai ƙarfi fa? In aka nemi mai gudu fa? Sai na riƙa raba makin daidai wa daida, babu gurbin da zai ce an zalunce shi. Dabarun yaƙi ma na tsakuro daga ko'ina: kaɗan na takobi, kaɗan na baka, ɗan jifan wuta, har da na warkar da rauni, don ba a san inda rana za ta faɗi ba. Na raɗa wa jarumin suna Na-Kowa.

Da farko Na-Kowa ya yi abin a yaba. Ƙananan halittun da ke bayan garin Sofya na cikin wasan duk ya gama da su. Lokacin kowa rago ne, don haka ba a gane rago. Da aka fara hawa sama sai asiri ya fara leƙowa. A wasan, duk sarar da ka yi wata lamba take tashi ta nuna illar da ka yi wa dodo. Ta yaran tana tashi da kauri, tawa kuwa sai ka matso da wayar kusa da ido. Wata rana tela ya tambaye ni cikin ladabi, "Baba, dukansa kake yi ko susa kake masa?"

Ɗan yayata ya ce in turo masa hoton makina. Ya yi shiru har na ɗauka layin ne ya yanke.

"Kawu, me ka yi wa makin nan?"

"Na raba su."

"Da wa?"

"Da junansu."

Ya ja numfashi ya ce haɗi dai akwai shi, ba a hana ba. Akwai masu riƙe takobi a dama da na'urar tsafi a hagu, amma gurbi biyu suke zaɓa su tsaya a kai, kuma sai waɗanda suka daɗe suka san kan abin. "Taura biyu ma ba ta taunuwa, Kawu, kai ka cusa biyar." Ya ƙara da cewa akwai abin da ake saya da kuɗin gaske a goge makin a sake rabo. Wato in cire kuɗin riɗina in biya don in yarda yaro ya fi ni gaskiya. Na ce mu haɗu a fagen fama.

Fagen kuwa shi ne gaban Minotaur, wani dodo mai jikin mutum da kan bijimi. Suka sa rana: Alhamis bayan la'asar. Babu wanda ya tuna, ko kuwa sun tuna sun yi shiru, cewa Alhamis ce ranar kasuwar Maigatari. Raƙuma daga wajen Damagaram, shanu har inda ido ya tsaya, tireloli a jere suna jiran lodin kudu, 'yan canji da damin saifa, ƙura ta ko'ina. Lokacin ya same ni a bakin kara, zaune a kan buhu, igiyar wani rago a naɗe a hannuna ina jiran mai shi ya dawo daga karɓo kuɗi. Na toshe kunne da iyafis, muka buɗe kiran WhatsApp, muka shiga.

Na yi gaba na danna tsokana kamar yadda aka koya mini. Bijimin ya dube ni, ya wuce ni, ya nufi malamin firamare. Ashe dodon wanda ya fi ba shi haushi yake bi, Na-Kowa kuwa bai isa ya ɓata wa kowa rai ba. Ana cikin haka wayar ta tsaya cik. Mu mutanen bakin iyaka mun san wannan cuta: wani lokaci sai sabis ya tsallaka Nijar ya bar ka riƙe da gilashi. Kafin ya dawo, ƙasa ta yi ja a ƙarƙashin tela, alamar duka na tafe, bijimin ya sunkuyar da kai.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. "Ga shi nan ya taso! Sa ya ƙwace! Ku gudu, ku bar gabansa!"

A kara na faɗi haka. Ranar Alhamis.

Wani Alhaji mai babbar riga, wanda ɗazu yake ɗingisawa da sanda, na gan shi a saman tirela, ban ga lokacin hawansa ba. Mai rake ya watsar da baro. Masu ciniki suka saki hannun juna ba a ce an sallama ba. Wata mai nono ta yi tuntuɓe, ƙwarya ta kife, ludayi ya yi nasa wuri. Ragon da ke hannuna ya ga kowa na gudu, shi ma ya fizge ya bi sahu. A kunnena kuma ɗan yayata yana ihu, "Kawu, warkar da mu! Warkar da mu!" Na danna, babu abin da ya faru, don ɗan ma'aunin tsafin nawa na riga na ƙarar da shi wajen jifan wutar da ba ta ƙona ko gashin wutsiyarsa ba. Malami ya faɗi, tela ya faɗi, ɗan yayata ya bi su. Sai a sannan bijimin ya tuna da ni. Sau ɗaya ya taɓa ni.

Da ƙura ta lafa, jama'a suka dawo da sanduna da igiyoyi suna tambaya, "Ina san?" Na rasa ta cewa, sai na miƙa wayar. Wani dattijo cikin manyan dillalai ya karɓa, ya kare ta daga rana da tafin hannu, ya daɗe yana duban dodon sama da ƙasa. Sannan ya maido mini ya ce, "Malam, wannan ko tozo ba shi da shi. Ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa."

Na biya mai nono kuɗin nononta da na ƙwarya, ta ƙara mini da wasu kalmomi cikin Fillanci waɗanda ban nemi a fassara mini ba. Ragon a wajen masu harawa aka same shi, ya ci abin da ya ci, wannan ma ni na biya. Kafin Isha'i an cire ni daga guruf. Na ji wai wani yaro ɗan Indunusiya suka sa a gurbina, wanda ko hanyar Gumel bai sani ba.

Har gobe ina kan bakata. A duba yadda aka yi: cikin mu huɗu, Na-Kowa ne na ƙarshen mutuwa. Saboda haka in akwai masu tawagar da ke neman mutum na huɗu, wanda ya taɓa kowace sana'a kuma ba ya tsokanar kowa, ina nan Maigatari kullum bayan Isha'i. Ban da Alhamis.