Wasiyyar Da Na Yi A Cikin A-Daidaita-Sahu

Ni dai a iya sanina tumbi ado ne. Shekaru na yi ina kiwon nawa, ina shafa shi bayan cin tuwo, kuma duk wanda ya ce mini "Alhaji, hutu ya karɓe ka" ya fi mini wanda ya ba ni turmin shadda. Babbar riga ba ta zama a jikin siririn mutum, wannan kowa ya sani.

Abin da ya ɓata mini lissafi shi ne rasuwar wani maƙwabcina, sa'ana. Sahu ɗaya muka yi isha'i da shi, da asuba aka ce ya yanke jiki ya faɗi wurin alwala. A zaman makoki kowa sai faɗi yake "lafiya ƙalau muka rabu". Ɗan 'yar'uwata mai aikin jinya ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, ba lafiya ƙalau ba ne, hawan jini ne, shi kuwa ba ya sallama." Ya ce a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kusan ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya. Fiye da kashi uku cikin huɗu kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu ne, ba wurin Turawan da na ɗauka su ke da wannan ciwo ba. Yana magana yana kallon tumbina. Na gyara riga.

Washegari sai ga shi da na'urar awon jini. Ya ce daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini. Nawa ya nuna 168 bisa 104. Na ce batir ne ya yi sanyi. Ya auna uwargida, nata daidai. Na ce to na'urar mata ce. Bai ko yi dariya ba, ya zayyana mini doka a gabanta, wanda shi ne babban zaluncin: gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, har da wanda ke cikin dunƙule, a rage kitse da soye-soye da lemon kwalba, a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, a bar taba. Nan na ɗaga murya na ce ni ban taɓa shan taba ba, ina jiran a yaba. Ba wanda ya tanka. Ya ce in je in ga likita. Na ce in sha Allahu, irin wadda ba ta da rana.

Uwargida kuwa ta karɓi dokar hannu bibbiyu. Miyar kuka ta koma daddawa zalla, man shanu ya ɓace daga gidan, shayina ya zama ruwan zafi mai launi. Ina ci ina cewa "ai wannan ya fi lafiya", in an yi isha'i kuma in zame in bi ta lungu wurin mai tsire, in ce ya zaɓo mini mai kitse-kitse, ya rubuta a littafi.

Sauran motsa jiki. Na zauna na yi lissafi irin na masu ilimi: me zai sa mutum kamata ya riƙa zagaye unguwa kullum yara suna kallonsa? In haɗa minti 150 ɗin nan in biya su ranar Asabar gaba ɗaya, da gudu kuma, don a samu ragi. Na sayo rigar motsa jiki da wando mai roba da kambas fari tas. Da na saka na fito kamar buhun gero da aka ɗaure a tsakiya, amma madubi bai gaya mini haka ba, 'yar autata ce. Don kada ƙarfi ya gaza, na fara tsayawa wurin mai ƙosai na ci na ƙoshi da yaji, na kora da shayi mai kauri, na soka ƙunshin kilishi a aljihu saboda halin hanya. Na taka da kyau har na wuce masallacin unguwa, ina ɗaga wa mutane hannu. Kafin in kai gidan mai sai numfashi ya ƙi, gumi ya karyo, wata wuta ta taso mini daga ciki zuwa ƙirji har maƙogwaro. Na tuna maƙwabcina. Na zauna daɓas a bakin kwata, farin kambas a cikin ruwa, na fara salati da ƙarfi.

Kafin ka ce kwabo an tara jama'a, an kira uwargida, ta zo da ƙanenta wanda ya kwana gidanmu, aka cusa ni a a-daidaita-sahu. Ganin ba lallai in kai asibiti ba, na fara wasiyya. Na ce akwai bashin mai tsire, a biya. Uwargida ta ce, "Wane mai tsire, Alhaji?" Na ce ba lokacin tambaya ba ne. Na faɗi inda nake ɓoye kuɗi a cikin tsohuwar hula. Na kama hannun ƙanenta, wanda ya ci bashina tun bikinsa, na ce na yafe masa duniya da lahira. Har mai a-daidaita ya ce Allahu akbar.

A asibiti aka tuɓe mini rigar da ƙyar, kilishin ya faɗo gaban uwargida, takardar ta buɗe. Ba ta ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka sa ni jira. Can likita, wata yarinya da na haifi kamarta, ta ce, "Baba, zuciyarka ba ta buga ba. Ƙwarnafi ne. Me ka ci?" Na ce ɗan ƙosai. Ta ce duk da haka gara da aka kawo ni, domin ciwon ƙirji mai danna mutum, musamman in ya sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi da sarƙewar numfashi, ba a jiransa a gida. Ta yi mini bayanin yadda gishiri ke riƙe ruwa a jiki ya ƙara wa jini ƙarfin bugu, hawan jinin ya raunata jijiyoyi, kitse ya taru a wurin har ya toshe hanyar da ke shayar da zuciya ko ƙwaƙwalwa. Da na gaya mata lissafina na Asabar sai ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Ta ce tafiya ce da ɗan sauri, rabin awa, kwana biyar a mako, ko da jallabiya. Ta rubuta magani, ta ce kullum ne, ba a dainawa don an ji garau.

Muna fitowa na ja ƙanen matata gefe, na ce maganar ɗazu ai ta fitar hayyaci ce. Ya ce, "Haba Alhaji, gaban Yaya fa ka faɗa, ga mai a-daidaita ma na karɓi lambarsa." Da muka isa gida na wuce ɗaki kai tsaye wurin tsohuwar hula. Uwargida ta leƙo ta ce kada in wahalar da kaina, da kuɗin za a biya mai tsire.