Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Rufin Kwanon Makarantarmu

Ranka ya daɗe, Rufi,

Barka da shan rana. Shekara tara ke nan ina koyarwa a ƙarƙashinka, ban taɓa ɗaga kai na yi maka magana ba sai yau da tura ta kai bango.

Duk makarantar nan ba wanda ya kai ka arzikin ruwa, ba kuma wanda ya kai ka almubazzaranci. Na sa 'yan aji shida sun auna ka da igiya: tsawo mita 25, faɗi mita 8, wato murabba'in mita 200. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita guda ke nan. Daminar Kano kuwa takan ba mu wajen milimita 800. Muka buga lissafi a allo, sai ga lita 160,000. Jarka 6,400 mai cin lita 25! Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ina ruwan yake?" Na kai su bayan aji uku na nuna musu ramin da ka haƙa, wanda ya fara cin gindin katanga.

Wayonka ma, a watan Agusta ka fi yin ɓarnar, muna dogon hutu, ba mai ganinka. Sai Maris da Afrilu, rijiya ta ƙafe, burtsatsen da aka haƙa mana gab da zaɓe ya koma turken awaki. Yara su yi ta yawo da butoci ba ko ɗigo. 'Yan mata su nemi izinin zuwa gida kama ruwa, shi ke nan sai gobe. Hedimasta ya tare ɗan garuwa a ƙofa yana ciniki da kuɗin aljihunsa. Kai kuma kana sama kana turo mana zafi.

Na san za ka ce ɗan kwangila ne ya kafa ka ba indararo. Gaskiyarka. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma da hadari ya haɗo za ka ga ta jera daro da tuluna a ƙarƙashin indararon soro. Mu masu takardun shaida ne muka tsaya kallo: sama ta bayar, guga ma ba mu kawo ba.

Ga sulhu. Za mu nemo maka makwarari da bututu da tanki mai murfi, don kada sauro ya samu gidan haya. Ruwan farko naka ne, ka wanke ƙurar hunturu da kashin tantabaru. Na bayansa namu ne. Ko kaɗan muka tara ya ishe mu alwala da wankin hannu da bayan gida na 'yan makonni.

Ranar Asabar akwai taron iyaye da malamai. In Allah ya sa an yi ruwa, don girmanka ka juye shi daidai inda shugaban kwamiti ke ajiye babur ɗinsa.

Naka mai zufa,
Malamin lissafi