Yadda Na Yi Wa Windows Kishiya

Ranar 14 ga Oktoban 2025 wa'adin kula da Windows 10 ya ƙare, bayan shekara goma ana cin moriyarta. Masu hali suka haura Windows 11 abinsu. Mu masu laftof ɗan gwanjo muka leƙa, aka ce sai kwamfutarka tana da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, in kuma injinta na Intel ne, sai ya zama daga zubi na takwas zuwa sama. Tamu zubi na shida ce. Lafiyarta ƙalau, in ka ɗauke batirin da ba ya kai tsawon shan shayi, da harafi guda da sai an ci zalinsa yake fitowa.

Ana cikin wannan sai ga ɗan yayata ya zo gaisuwa. Kimiyyar kwamfuta yake karantawa a jami'a, shi ya sa ba ya iya ganin na'ura ya ƙyale ta da lafiyarta.

"Kawu, ka sa Linux mana," in ji shi.

Ya shiga ba ni tarihi. Wai wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991. Wai iri-iri ce, amma wadda ta fi sauƙi ga sabon shiga ita ce Ubuntu, wadda kamfanin wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fara fitarwa a 2004. Wai zubin 24.04 za a ci gaba da kula da shi har 2029. Duk wannan ta bayan kunnena ya bi, sai da na tambayi kuɗin.

"Kyauta ce, Kawu."

Na gyara zama.

"Kuma ba sai ka goge Windows ba. Faifan za a raba biyu, kowacce da ɗakinta. Kishiya kawai za ka yi mata."

Daidai nan uwargida ta ɗaga labule da tiren zoɓo a hannu. Ta ajiye shi a hankali, irin ajiyewar da ta fi jifa tsoratarwa.

"Wa za a yi wa kishiya?"

Yaron ya rantse, na rantse, muka nuna mata kwamfuta. Ta dube mu, ta dubi kwamfutar, ta ce, "To, ku yi bikinku. Amma Malam, lissafin adashinmu yana ciki, da hotunan bikin ƙanwata. Ka kwafe mini su tukuna."

Na ce mata aikin da ba zai wuce rabin awa ba ina ruwansa da kwafe-kwafe. Yaron ya ce in jira shi ran Asabar. Na sallame shi da kuɗin mota. Mutumin da ya fara taɓa kwamfuta tun zamanin Windows XP, lokacin shi ko rarrafe bai fara ba, ba ya jiran Asabar.

Ubuntun kyauta ce, gaskiya ne, sai dai nauyinta ya kusa gigabait 6, data kuwa ba a rabon ta a masallaci. Na sayi ta dare mai rahusa, na zauna gadi ina kallon layi yana jan ciki. Da ta sauka na ɗauko sabon filas ɗin da na saya a hannun wani mai talla a danja, an rubuta 64 a jikinsa ɓaro-ɓaro. Manhajar Rufus ta fara zuba kaya, ta yi nisa, ta tsaya cak. Ashe rubutun jikin ne kaɗai 64, cikinsa bai kai ya ɗauki wannan kaya ba. Araha ba ta ado. Na ari na maƙwabci, Rufus ta gargaɗe ni da Turanci cewa duk abin da ke ciki zai tafi, na danna na yarda. Har yau ta lungun baya nake zagayawa in na hango shi a ƙofar gida.

Wani bidiyo da na kalla ya ce a shiga saitin ƙasan kwamfuta a kashe Secure Boot kafin a fara. Na shiga na kashe. Sai na ce bari in leƙa Windows mu yi sallama. Ina kunnawa allo ya rine shuɗi, wani abu mai suna BitLocker ya tsare ƙofa yana neman lambobi 48. Ni da lambar wayar uwargida ma sai na duba. Ashe faifan a kulle yake da makullin sirri tun ranar da aka saita shi, makullin kuma yana hannun guntun tsaron nan na TPM, wanda da zarar ya ga an taɓa saitin tashi sai ya ɗauka ɓarawo ne ya ƙi saki. Lambobin suna ajiye a asusun da yaron shago ya buɗe mana ranar saye, da layin wayar da ya faɗa rijiya tun bara waccan.

Na kira ɗan yayata ina magana ƙasa-ƙasa, na ce wani abokina ne ya shiga matsala.

"Kawu, ka ce wa abokin naka ya mayar da Secure Boot yadda ya same shi. Ubuntu ba ta buƙatar a kashe shi."

Na mayar, Windows ta buɗe kamar ba ita ba. Daga nan na kwance kullen BitLocker ɗin gaba ɗaya, don mai girka Ubuntu ba ya yarda ya yanki faifan da ke kulle. Wannan kaɗai ya ci yini.

Da daddare na soma aikin gadan-gadan. Na zaɓi harshe, na zaɓi Legas a taswirar lokaci tunda babu Kano, na ja wani ɗan layi na yanka wa amarya ɗakinta. Kaya suka fara shiga. Na miƙe ƙafa ina tsara yadda zan ba da labari a majalisa. Layin ya kusa ƙarshe, saura ƙiris, sai aka ɗauke wuta. Fankar sama ta yi juyi biyu ta tsaya. Batirin ya yi iya ƙoƙarinsa, wato ya ba ni lokacin da zan ce innalillahi, sannan ya bi sahu.

Da wuta ta dawo na kunna da bisimilla. Baƙin allo. A can sama ga 'yan layukan Turanci, a ƙasansu kalma ɗaya, grub, da wani ɗan tsinke yana ƙyafta mini ido. Babu Windows, babu Ubuntu, babu adashin mata goma sha biyu. Na rubuta masa "windows", ya ce bai san wannan umarni ba. Na rubuta "help", ya zazzago mini kalmomi har suka cika allo, ko ɗaya ba ta yi kama da taimako ba. Na rubuta "don Allah". Nan ma bai sani ba.

"Malam, an gama?" in ji uwargida daga tsakar gida.

"Ana kan shiri," na ce, na rufe murfin da sauri.

Washegari na naɗe laftof a cikin darduma, na ce zan je gaida mara lafiya. Ba ƙarya na yi ba, illa dai mara lafiyar tana hammatata. Na nufi titin Beirut, na sami wani matashi a ɗan shago, gabansa gawarwakin kwamfutoci tsibi guda. Ya kunna, ya ga kalmar nan, ya ɗago ya dube ni.

"Alhaji, wa ya taɓa ta?"

"Yara ne," na ce. "Ka san yaran yanzu."

"Wallahi kuwa. Sai ka riƙa ɓoye musu."

Ya kashe, ya kunna, ya danna maɓalli ɗaya a layin sama. Wani ɗan jeri ya fito, ya zaɓi na biyu, sai ga Windows da hoton ɗiyata a fuskar allo. Ko zama ban gama yi ba. Ya yi mini bayani yana shan rake: a faifan akwai wani ɗan ƙaramin yanki da kowace manhaja ke ajiye mai tashe ta. GRUB, mai tashin Ubuntu, ya riga ya shiga ya kama layin gaba, amma wutar ta yanke kafin a rubuta masa inda zai je, shi ya sa ya tsaya yana zare ido. Mai tashin Windows na nan a bayansa, ba wanda ya taɓa shi. Ya sake girka Ubuntun da wutar janareta, ya sayar mini da sabon batir, ya karɓi kuɗin da in na haɗa da na data da na filas, kalmar kyauta sai ta fara ba ni haushi. Zan fita ya ce, "Alhaji, ka gaida yaran."

A gida na tara iyali don buɗe ido. Allo ya nuna jerin zaɓi, Ubuntu a sama, Windows a ƙasa. Rabon kwana ke nan, sai dai in ba ka zaɓa ba cikin daƙiƙa goma, ɗakin amarya ake kai ka. Uwargida ta lura da wannan tun kafin in yi bayani, ta ce, "Dama haka kuke."

Amarya ta buɗe tsaf, launinta gwanin kyau. Na nemi alamar Wi-Fi in nuna bajinta, babu ita. Katin Wi-Fi ɗin kwamfutar na cikin waɗanda direbansu ba ya zuwa a girke, sai an saukar da shi daga intanet. Wato sai da intanet za ka samu abin da zai ba ka intanet. Na zauna ina juya wannan magana har shayina ya huce. Ɗiyata 'yar aji biyar ce ta ce, "Abba, ka jona wayarka da kebul mana." Na ce dama abin da nake shirin yi ke nan, gwada ta nake. Wayar Android in ka jona ta da kebul ka kunna raba data, Ubuntu na karɓarta ba gardama. Direba ya sauka, aka ce in ƙirƙiri kalmar sirri saboda Secure Boot, za a tambaye ni ita a wani shuɗin allo in na sake kunnawa. Shuɗin allon ya zo ya wuce ina tsakar gida ina karɓar gaisuwar jinjina. Sai da aka maimaita.

Na so in ɗauko fayil ɗin adashi daga ɓangaren Windows in gyara shi a Ubuntu, aka ce kallo kawai, ba taɓawa. Windows tana da wani tsari na saurin tashi, wanda in ka kashe ta ba ta mutuwa duka, sai ta kulle ɗakinta ta kwanta da makulli a ƙarƙashin filo. Sai an shiga saitin wuta an cire wannan tsari take sakin ƙofa. Na cire, gida ya zauna lafiya, na ɗauka an gama.

Azumi ya kama. Wani dare ina da rubutun da zan kwana a kansa, wayata kuma tana shagon caji. Na ce wa uwargida ta kashe ƙararrawarta ta huta, ni zan tashe ta ƙarfe huɗu da rabi. Da yamma na yi wasa da Ubuntu, da dare na koma Windows ina aiki, idona a kan agogon kusurwar allo. Huɗu da rabi na cika na tashe ta. Ta kunna risho, ta ɗora tukunya, ko ɗumi ruwan bai yi ba sai ladan ya ɗauki kiran asuba.

Na ce kiran farko ne. Ta ce ta ji assalatu da kunnenta. Na zura silifas na nufi masallaci a fusace, don bai kamata a bar dattijo yana cutar unguwa guda ba.

"Baba, yau kun yi gaggawa. Da sauran awa guda cur."

Ya dube ni, ya nuna agogon bango, ya nuna na hannunsa, ya nuna gabas.

"Ai na kwamfuta na duba," na ce.

"To ɗana, ka je ka ce wa kwamfutar ta zo ta ja mu salla."

A ranar, da ruwan da muka sha tun bayan tarawi muka ɗauki azumi. Ba wanda ya yi mini magana a gidan sai bayan la'asar, ita ma maganar ba ta alheri ba ce.

Dalilin, kamar yadda ɗan yayata ya bayyana bayan ya gama dariyarsa, shi ne a cikin kowace kwamfuta akwai ɗan agogo guda mai batirinsa, duk su biyun shi suke dubawa. Linux na saita shi a kan lokacin duniya, wato na Greenwich, sannan ta ƙara awar ƙasarka kafin ta nuna maka. Windows kuwa abin da ta gani a jikinsa shi take ɗauka a matsayin lokacin gari. Najeriya da Nijar suna gaba da Greenwich da awa ɗaya, don haka duk lokacin da ka fito daga Ubuntu ka shiga Windows babu intanet, an sace maka awa guda. 'Yan uwanmu na Kumasi da Akara ba su san wannan bala'i ba, don lokacinsu daidai yake da na Greenwich. Maganin kuma layi ɗaya ne da ake rubuta wa Ubuntu, timedatectl set-local-rtc 1, shi ke nan ta koma bin lokacin gari. Layi ɗaya, bayan tuwon sahur ɗin gida guda ya salwanta.

Yanzu dai su biyun suna zaune a faifai ɗaya, uwargida na shiga tata, ni ina shiga tawa, lissafin adashi kuma yana wurare uku, da umarnin mai shi. Mai karatu, in kana da niyya, abin yana yiwuwa kuma yana da amfani, tsohuwar kwamfuta takan samu sabon ƙarfi. Amma ka kwafe kayan mutane kafin ka taɓa faifai, ka rubuta lambobin nan 48 a takarda ka adana, ka tabbata batirinka zai riƙe in an ɗauke wuta, ka ajiye kebul ɗin waya kusa, ka gyara agogo tun ranar farko. In kuma duk da haka ka ji ladan ya kira salla alhali kwamfutarka na cewa da saura, ka bi ladan.