Wasan Kare a Ƙasar Albasa

Kare a Jega, Aliero da Maiyama ma'aikaci ne. Yana gadin gona, yana bin garken Fulani, da rani kuma mafarauta su fita da shi neman zomo da gafiya. Wasa da shi baƙon abu ne, amma mai wannan rubutu, wanda wani mafarauci ya bai wa kwikwiyo ya raɗa masa suna Barisu, ya gwada iri uku, kowanne kuma ya ji a jikinsa.

Na farko shi ne jifa da ɗaukowa. Gwanayen wannan wasa su ne karnukan da Turawan Birtaniya suka haɗa irinsu a ƙarni na 19, don su riƙa ɗauko wa maharbi agwagwar da ya harbo. Ba a yi wannan yarjejeniya da kakannin karen Hausa ba. Aka jefa wa Barisu ƙwallo, ya raka ta da ido har ta faɗa kwata, ya juyo ya dubi ubangidansa. Sau goma sha ɗaya ana jefawa, sau goma sha ɗaya ubangidan ne ke ɗaukowa, yara na bisa katanga suna ƙirgawa. Da ƙwallon ta ɓace aka koma jifa da albasa, tun da a Aliero ta fi ƙwallo sauƙin samu. Wani likitan dabbobi ne ya tsawatar: albasa, ɗanya ko dafaffa, tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare.

Na biyu shi ne ɓoyo da nema, kuma nan ne kare ke jin daɗi da gaske, domin duniyarsa a hanci take. Ƙwayoyin jin ƙamshi a hancinsa kan kai miliyan 300, na mutum kuwa kimanin miliyan 6 ne. Ana ɓoye ɗan busasshen kifi a ƙarƙashin kwando, a sake shi ya nemo. Barisu ya ƙware cikin kwana biyu. A rana ta uku ya wuce kwandon ko kallo bai yi ba, ya shiga madafa ya gano soyayyen naman da uwargida ta ɓoye wa baƙi, wanda maigidan kansa ya yi mako yana nema bai samu ba. An wanke tukunyar sau bakwai kamar yadda malamai suka karantar. Maganar kuwa har yau ba ta wanku ba.

Na uku gudu ne, kuma shi ne abin da jinin karen farauta ke nema. Kuskuren kawai shi ne ɗaura igiyarsa a wuyan hannu. Da la'asar, a gefen fadama, kurege ya gilma. Barisu ya zabura, ubangidansa ya bi shi dole, ya ratsa fage huɗu na dashen albasa kafin kunya ta kayar da shi. Mai gonar ya aje galma ya ce, "Malam, kai ad da karen ga, ko shi ad da kai?"

Aliero ta yi suna da masu ɗori kamar yadda ta yi da albasa, mutane na zuwa daga nesa. Mai wannan rubutu bai yi tafiyar kilomita ɗaya ba. Ya yi mako shida hannu a ɗaure da karare, ya biya kuɗin dashe, Barisu kuwa ya koma wurin mafaraucin, inda aka ce a fitarsa ta farko ya kamo zomo biyu.