Yadda Za Ka Rage Tuwo a Birnin Gwari Ba Tare da Kun Ɓata da Cikinka Ba

Duk wanda likita ya duba takardar awonsa, ya cire tabarau ya ce masa, "Alhaji, sai fa an rage tuwo," ya ji magana mai nauyi. In kuwa mutumin Birnin Gwari ne, nauyin ninki biyu ne. Ƙasa ce ta masara da dawa da shinkafa da doya. Daga Kuyello zuwa Randagi, daga Dogon Dawa zuwa Kakangi, ba a cewa mutum ya ci abinci sai an ga malmala ta ɓace daga kwano. Wanda ya cinye kaza guda, ya bi ta da kwaɗon zogale, in ka tambaye shi zai rantse maka tun safe bai sa komai a bakinsa ba.

Shawarwarin nan na mai ciwon suga ne, da mai teɓar da ta fara hana shi ɗaura igiyar takalmi, da Hajiyar da gwiwa ta fara yi wa gardama a sujada. Ba na yara ba ne, ba na mai juna biyu ko mai shayarwa ba, ba kuma na wanda ke wuni da garma ko cikin ramin zinariya ba. Waɗannan a cika musu kwano. Mutanen yankin nan sun san yunwa ta gaskiya a shekarun da gonaki suka gagara zuwa, kuma ita ba abar wasa ba ce. Wasanmu da kwaɗayi ne, shi da ƙanensa sabo.

Shawara ta 1: San abin da aka ce ka rage

Abin da ake ragewa shi ne sitaci da zaƙi: tuwo, shinkafa, doya, dankali, rogo, burodi, taliya, waina, kunu, fura, rake da lemon kwalba. Dukkansu in sun shiga ciki suga suke komawa. Masana na kiran tsari mai ƙarancin sitaci idan sitacin da mutum ke ci a wuni bai kai giram 130 ba. Masu tsanantawa kan sauko har tsakanin 20 da 50, wanda ba a shigarsa sai da sanin likita. Don ka san inda kake, giram 100 na dafaffiyar shinkafa, wato abin da mutumin kirki ke gamawa a loma kaɗan, yana da sitaci wajen giram 28. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 kuwa tana ɗauke da suga kimanin cokalin shayi 9.

Kada ka ɗauka sabon yayi ne. A 1863 wani mutumin Landan mai sana'ar shirya jana'iza, William Banting, ya buga ɗan littafi a kan yadda ya rabu da ƙiba. Ƙibar ta kai sai da baya da baya yake sauko matakala. Ya bar burodi da suga da dankalin Turawa, ya zubar da fiye da kilo 20 cikin shekara guda, ya rayu har shekara 81. Abin da nake so ka riƙe shi ne, sau huɗu yake cin abinci a wuni. An ce ka rage tuwo, ba a ce ka shiga yajin cin abinci ba.

Shawara ta 2: Ba duk kukan ciki ne yunwa ba

Ciki kamar ɗan kamasho ne a tashar motar Kaduna: tun fasinja biyu ne a ciki yake ihun saura mutum ɗaya mota ta tashi. Wanda bai san shi ba ya taho da gudu, wanda ya san shi ya leƙa tukuna.

Akwai wani sinadari da ciki ke fitarwa, sunansa girelin, masana a Japan suka gano shi a 1999. Aikinsa shi ne tura saƙo ƙwaƙwalwa cewa lokacin ci ya yi, kuma yana bin agogon da ka saba masa. In kullum ƙarfe biyu ake kawo maka kula, biyu saura kwata zai tashi, ko da kuwa ɗazun nan ka baro walimar suna. In ka ƙyale shi, ya kan lafa da kansa. Kai ma shaida ne: a farkon watan azumi da azahar ji kake kamar ba za ka kai la'asar ba, amma kafin goman farko ta ƙare ciki ya koyi sabon jadawali, sai gab da magariba yake magana.

Saboda haka in ya yi kira, yi masa tambaya uku. Ta farko, sha ruwa kofi ɗaya ka jira minti 15; a zafin bazara sau da yawa ƙishirwa ce ta yi shigar yunwa. Ta biyu, tambayi kanka: da dafaffen ƙwai biyu aka ajiye min yanzu, babu yaji babu komai, zan ci? In amsar e ce, yunwa ce, a ba ta a huta. In kuwa zuciya ta ce a'a, ita dai wainar nan ta bakin kasuwa mai miyar taushe take so, to kwaɗayi ne, kuma ka san abin da Hausawa suka ce yana buɗewa. Ta uku, duba ta inda abin ya shigo. Yunwa a hankali take tasowa daga ciki. Kwaɗayi ta hanci yake shiga, lokaci guda, daidai sanda iska ta kwaso ƙamshin tuyar ƙosai daga gidan maƙwabta.

Shawara ta 3: Karya kumallo da abin da zai tsaya maka

Wanda ya karya da koko mai suga da burodi, suga zai hau a jininsa da sauri ya kuma sauko da sauri, kafin walaha ya fara hamma yana neman mai tallan ɗanwake. Wanda ya karya da ƙwai da awara, ko kifi, ko ragowar naman miya da ganye, zai kai azahar bai tuna da kicin ba, domin abinci mai gina jiki da mai maiƙo sun fi daɗewa a ciki, mai gina jikin kuma ya fi kwantar da girelin. Ƙwai ɗaya na da sinadarin gina jiki wajen giram 6, sitacinsa kuwa bai kai giram 1 ba. In damina ta faɗi ƙwan zabi ya wadata, kakarka ta yanke saƙa.

A teburin mai shayi ake yin babbar jarrabawa. Yana hango ka zai ɗaga gwangwanin madara ya ce, "Alhaji, mai kauri kamar kullum?" Ka daure ka ce, "Ruwan bunu, ba suga, a soya ƙwai uku da albasa da tumatir." Zai dube ka ya dubi burodin da ya riga ya yanka, ya tambaye ka ko lafiya. Ka ce masa lafiyar ce ake nema. Ranar farko zai yi jimami, rana ta uku da kansa zai riƙa ba wasu labarinka.

Daga nan tsayar da lokuta: safe, bayan azahar, da magariba, da tazarar awa huɗu zuwa biyar ko fiye. Wanda sau biyu ya ishe shi, kuma ba ya shan maganin da ke faɗar da suga, ba dole ya ci na uku don ganin ido ba. Abin gudu shi ne ɗan taɓa wannan, ɗan lasa wancan, wuni guda baki bai huta ba.

Shawara ta 4: Kada makon farko ya ruɗe ka

Jiki na ajiye suga a hanta da tsoka, kusan rabin kilo a babban mutum, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa wajen giram 3. Da ka rage sitaci, wannan ajiyar za a fara taɓawa, ruwan ya fita ta fitsari tare da gishiri. Shi ya sa a kwanakin farko za ka hau sikeli ka ga kilo ɗaya ko biyu sun tafi. Kada ka aika a kira tela ya rage maka wando tukuna, yawancinsa ruwa ne. Shi ne kuma dalilin ciwon kai da kasala da saurin fushi. Sha ruwa sosai, sha romo, ka kuma sanar da uwargida da yara tun da wuri cewa in sun ga ka ɗaure fuska a makon nan, ba su ba ne, tuwo ne. Mai hawan jini kada ya ƙara gishiri da kansa, mai ciwon ƙoda kada ya ƙara nama, sai sun ji daga likita.

Shawara ta 5: Juya kwanon

Da can tuwo ke cika kwano a ɗiga masa miya. Yanzu miya za ta cika kwano a ajiye tuwo a gefe, daidai dunƙulen hannunka, ba hannun ƙaton gidanku ba. Fara da ganye da nama, tuwo ya zo ƙarshe. Wannan jerin kaɗai na rage hawan suga bayan cin abinci.

Allah bai bar ƙasar nan da masara kaɗai ba. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1999, da dazuzzukan da ke kewaye da shi, cike suke da doka da maje da taura da kaɗanya da ɗorawa. Daga ɗorawa ake samun kalwar daddawa, daga kaɗanya man kaɗe. A bayan gida ga kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa, rama, tafasa, alayyafo, gauta da zogale. Ga kifin madatsar Bagoma, ga nono da man shanu, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kasuwar Kara ma, da ta yi shekaru a rufe, an sake buɗe ta a watan Nuwamban 2024. Wanda aljihunsa bai kai nama kullum ba, awara da ƙwai da gyaɗa da wake daidai misali sun tsaya masa.

Hattara da abokai biyu masu kyan suna: zuma da fura. Zumar daji tsantsa ce, ba a musu, amma kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne. Fura kuwa gero ce. Sha nonon, ka gaida furar.

Ci a hankali. Saƙon ƙoshi kan ɗauki kusan minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, alhali gwani na iya share malmala uku a minti bakwai. Koyarwar da muka taso da ita ta raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, ita ce ma'aunin. In ka tashi sai ka dafa bango, ka cinye rabon numfashi.

Shawara ta 6: Yadda ake tsira daga Gwaggo

Babu likitan da ya kai Gwaggo ƙarfi. Za ta ajiye maka tuwon shinkafa malmala huɗu ta ce, "Kai ɗan nan, duk ka rame, ko ba a ba ka abinci a gidan naka ne?" Kada ka kawo mata zancen giram, kada kuma ka ture kwanon, abinci ba a wulaƙanta shi. Ka ce, "Gwaggo, ai miyar nan taki ce ta kawo ni, a ƙaro min ita." Ka yi santin miyar da gaske, ka ci rabin malmala, ka kira yaran gida su taya ka. Ta ji daɗi, yara sun ƙoshi, sugarka na zaune.

In za ka biki ko suna, ci ƙwai ko gyaɗa kafin ka fita. Wanda ya isa gaban faranti da yunwa ba ya jin wa'azi. Haka in za ka kama hanyar Kaduna ko Funtua, sa guzurinka a aljihu, don kada ka isa Udawa ko Buruku ka miƙa hannu ta taga ga duk abin da aka ɗago.

Shawara ta 7: Rufe kicin da wuri

Jiki ya fi iya sarrafa suga da safe fiye da dare, mu kuwa babban kwanonmu na dare ne. Matso da shi kusa da magariba, a samu awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Sannan ka taka da ƙafa zuwa sallar isha'i. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci na taimaka wa tsoka ta zuƙe sugar da ke jini. Babur ɗin ya huta, masallacin ba Tegina yake ba. Hirar majalisa har sha biyun dare ita ke haifar da Indomie da ƙwai, kuma ƙarancin barci na ƙara girelin washegari. Mai son cin galaba a kan cikinsa da rana, ya kwanta da wuri.

Shawara ta 8: Yunwar da ba a yi wa gardama

A nan raha ta tsaya. In kana allurar insulin, ko kana shan ƙwaya irin gilibenkilamaid, rage sitaci ba tare da an gyara maka magani ba na iya faɗar da sugarka ƙasa da kima. Alamunta su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, jiri, da ruɗewar magana. In na'urar awo ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, kada ka tsaya gwajin ƙwai. Sha suga giram 15 nan take, wato cokalin miya ɗaya a ruwa ko rabin kwalbar lemo, ka sake awo bayan minti 15. In bai hau ba a maimaita, in mutum ya fita hayyacinsa kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. Koya wa iyalinka wannan tun yau, ka riƙa yawo da ƙwayar suga a aljihu.

Don haka kafin ka taɓa malmala ko ɗaya, ɗauki magungunanka gaba ɗaya ka kai wa likita, ka gaya masa abin da kake shirin yi. Sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacin da ka ci, abin da ka ci, da abin da awo ya nuna. Bayan wata uku ka koma a yi maka gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na tsawon watannin. Lafiya uwar jiki ce, kuma jikokinka na buƙatar kakan da zai iya durƙusawa ya ɗauke su.